Zaure Mai Zanko Ɗaya

Dutsin-Ma,
Jihar Katsina.

Zuwa ga Yayana Maniru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, irin wadda ƙanwa ke yi wa wanta tana durƙushe, ina fata takardar nan za ta same ka lafiya ƙalau, kai da iyalinka duka. Yaya Fatakwal, yaya ruwan saman nan naku da ba ya gajiya, yaya kuma kasuwar shanu? Allah ya sa albarka a nema, ya tsare ku a hanya da masauki, ya raya mana Muslim da Nana Fatima bisa tafarkin addini. Allah ya jiƙan Baba da Kaka Alhaji Hudu, ya haskaka makwancinsu, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.

Mu nan alhamdulillahi. Umma tana lafiya, sai ciwon gwiwar nan nata da ke motsawa da sanyin safiya. Damina ta yi kyau, gero ya nuna har an fara yanka ta wajen Kutawa, dawa ce ake jira. Baffa Rabo yana zuwa daga Kurfi kusan duk mako, ya sha furarsa, ya yi mana faɗan da ya saba a kan ba ma share ƙofar gida, ya hau babur ya koma. Na san za ka ce me ya sami Basma take rubuta takarda kamar zamanin da, ga waya a hannunta kullum. Halinka na sani. In na kira ka, kafin in kai rabin magana ka ce ka gane, alhali ba ka gane ba, sai wani ya kira ka a kan bijimi ka katse ni. Shi ya sa na rubuta na ba Ilu direba tun da zai sauko muku da dabbobi. Ka nemi wuri ka zauna ka karanta har ƙarshe, don maganar kakarmu Inna Kyauta ce.

Ka san tun ranar da ɗakunan baya na gidan Kurfi suka zube a ruwan Agusta, ta faɗi wajen fitowa ta karye a ƙafa, a nan wurinmu take. Ɗorin ya yi kyau, mai ɗori ya ce in an yi haƙuri zuwa bayan girbi za ta taka. Idon ne dai babu labari. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a lallaɓa ɗan abin da ya rage. Yanzu haske da duhu take gani, da inuwar abu in yana da girma. Amma Yaya, abin da ba mu gaya maka a waya ba shi ne, ba ƙafar ce ke cin Inna ba. Kullum da safe sai ta sa a ɗaure mata ƙunshin kayanta a ajiye kusa da kanta, wai kada motar komawa Kurfi ta zo ba ta shirya ba. Tuwo in ta yi loma biyu sai ta ture kwanon, ta ce ruwan Dutsin-Ma ba ya yin tuwo. Ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Ko tsokanar da take yi maka ta daina, ba ta ƙara tambayar ina mijin nan nata da ya gudu kudu ya bar ta ba cefane. Ranar da na lura ta daina wannan, ranar hankalina ya tashi.

To sai in ɗan yi maka bayanin aikina, wanda kake cewa wasan yara, don in ba haka ba ba za ka bi labarin ba. Kamfanin da nake yi wa aiki ta intanet gari yake ginawa a cikin kwamfuta, gari mai tituna da kasuwa da gidaje, mutum ya shiga ta wayarsa ya yi ta yawo kamar da ƙafarsa. Kowane abu a garin, kujera ce ko mota ko gida, da 'yan ƙananan yanki-yanki masu kusurwa uku ake haɗa jikinsa, kamar yadda tela ke haɗa ƙyallaye. In abin yana gaban idonka, ana zuba masa dubbansu don ya fito da kyau. Amma in aka bar duk gidajen garin da wannan nauyi, waya ba za ta ɗauka ba, sai ta yi zafi ta tsaya cak. Don haka kowane abu ana yi masa siffa fiye da ɗaya: ta kusa mai cikakken ado, ta tsaka-tsaki, da ta nesa wadda aka rage mata kusan komai. Kana ja da baya kwamfuta tana musanya su ba ka lura ba. Ni na nesan nan ne aikina. Wasu su zauna su yi ado, ni in zo in yi ta cirewa, kuma a biya ni a kan haka. Akwai manhajar da ke yin ragin da kanta cikin ƙiftawar ido, amma ba ta da wayo, ƙarami kawai take cirewa ta bar babba. Ba ta san butar shayi in aka cire mata baki ta zama tukunya ba. Shi ya sa ake neman irinmu mu yi da hannu.

Ina zaune ina rage wa wata rumfar kasuwa nauyi, Inna tana kwance a bayana tana tambayar Umma ko an ji ƙarar mota, sai na ce a raina, ni da nake gina wa mutanen da ban sani ba gari, me zai hana in gina wa kakata gidanta? Ranar kasuwar Kurfi na bi Baffa Rabo na je. Cikin gida ban iya daɗewa ba, ganin ɗakin da aka haifi Baba ya zama tudun ƙasa ya sa ni kuka. Amma zaure yana nan daram, ko tsagewa bai yi ba. Na ɗauke shi hoto ta kowane gefe, na ɗauki durumin ƙofar gida da hanyar da ta taso daga tasha, sauran kuma na cika da abin da na tuna. Na yi makonni a kai. Ban bar komai ba: ƙusar da ake rataya fitila, gidan tsattsewa a saman daga ciki, lotsawar dakali inda Kaka Alhaji ke zama yana auna hatsi, har da zanen da ka yi da ƙusa a bango ranar da Baba ya zane ka. Ina alfahari da aikin nan, ba zan ɓoye maka ba.

Ranar da na gama, bayan la'asar, na haɗa kwamfutar da talabijin ɗin falo, muka ɗauko Inna muka zaunar da ita daf da shi. Na buɗe daga cikin zaure. Umma tana gani ta rufe baki da mayafi, hawaye ya zubo mata. Baffa Rabo ya yi ta salati yana miƙa yatsa yana taɓa gilashin, wai har tsagar ƙyauren nan na sa. Kowa ya juya yana kallon Inna. Ta kafa ido ta daɗe, sannan ta tambaya wai me ya sa aka ɗauko ta da ciwon ƙafa aka ajiye ta gaban bango. Duk adon nan da na ɓata makonni a kai, ita duhu-duhu kawai take gani ya cika mata ido. Da aka ce mata ai cikin zaurenta ne, sai ta ce wane irin mutum ne ke fara gida daga ciki kamar ɓarawo, in gidanta ne a mayar da ita tasha ta taho da kanta.

Na ji daɗin wannan magana, don na ga alamar tana so. Na ja mu baya, muka fita ƙofa, muka bi hanya har wajen tasha, na juyo da mu muna fuskantar gida. A nan abin ya lalace. Da muka yi nisa kwamfuta ta sauke siffar kusa ta ɗora ta nesa, kamar yadda ta saba. Ni kuwa duk ƙarfina a ta kusa na zuba shi, ta nesa manhajar nan na bar wa, don ban ɗauka za a kalli gidan daga can ba. Ita kuma ta yi abin da ta iya: ta ga zankon da ke saman zaure siriri ne, ta share shi, ta ga ginin ya ɗan karkata, ta miƙar da shi. Abin da ya tsaya a ƙarshen hanya akwati ne mai kusurwa huɗu. Inna ta sa hannu ta kare goshinta kamar mai hangen wata, ta duba dama ta duba hagu. Can ta ce wannan siton wani ne, ba gidanta ba, a mayar da ita ɗaki ta gaji. Ranar ko loma biyun ba ta yi ba. Ni ma ban ci ba, don da na bar ta da kewarta da ya fi mata sauƙi a kan in ce ga gida ta duba ta rasa.

Washegari da hantsi ina shafa mata man zafi a ƙafa, ban tambaye ta komai ba, ita ta fara. Ta ce mu yaran zamani ba mu san gida ba, sai mun shiga ciki muke sanin mun iso. Ka san zauren nan zanko ɗaya gare shi, na hagu, mun tashi mun gan shi haka, ni ban taɓa tambayar dalili ba, ina jin kai ma haka. Ta ce a da biyu ne kamar na kowa. Shekarar da Kaka Alhaji ya fara ɗaukar hayar babbar mota don kai gero kudu, direban ya zo yin baya, kayan da aka labta suka doki na daman ya faɗo. Alhaji ya ce za a gyara bayan damina, damina ta wuce ya ce bayan girbi, har dai ita da kanta ta ce a bar shi. Lokacin in ta je ganin gida Kutawa da ƙafa take dawowa, da Baba goye a bayanta, kuma tun daga gonaki take hango zaurukan unguwa kowane da kunnuwansa biyu, nata kaɗai ne mai ɗaya, kamar mutum ya ɗaga mata hannu. Ta ce da ta hango shi sai nauyin goyon ya ragu. Da idonta ya fara tafiya kuwa, ƙofa ta ɓace mata, launin bango ya ɓace, fuskokin maƙwabta suka ɓace, amma in an dawo da ita daga biki ko gaisuwa tana ganin baƙin abu a jikin sararin sama da hannu ɗaya a ɗage, ga duhun durumi a gefensa. Ta ce shekarun nan duka da wannan take gane ta iso, ba ta taɓa gaya wa kowa ba don kada a ce ta makance a hana ta fita.

Yaya, ina shafa man nan ina jin kamar a aji nake. Abin da nake yi kullum ke nan a wurin aiki, in zauna in tambayi kaina, in an cire wa abu komai, mene ne zai rage a ce shi ne? Ashe Inna ta daɗe tana zaune a cikin siffar nesa, har abin da ke kusa da ita ma haka take ganinsa. Na wanke hannu na koma kan kwamfuta. Na watsar da abin da manhaja ta yi, na fara da hannu. Na cire ƙusar fitila, na cire tsagar ƙyaure, na cire zanenka, ka yi haƙuri. Ƙofar ma na mayar da ita baƙin tabo kawai. Daga ɗan abin da ya rage, kaso mai yawa a zankon nan na kashe shi. Na ƙara masa kauri da tsawo fiye da yadda yake a zahiri, don siririn abu shi ke fara ɓacewa daga nesa, dole sai an ɗan yi masa ƙari kafin ido ya yarda da shi. Na mayar wa zauren karkatarsa ta wajen gabas. Durumi na yi shi dunƙulen duhu, ko ganye ɗaya babu. Sama kuma na haskaka ta sosai, don ginin ya fito baƙi a jikinta. Da Umma ta leƙo sai ta ce wannan ai ɗan firamare ma zai zana wanda ya fi shi, kuma gaskiya ta faɗa.

Inna ta ƙi fitowa da farko, ta ce ita ba za a ƙara kai ta kallon sito ba. Sai da Baffa Rabo ya lallashe ta. Na fara daga tasha, ban ce mata komai ba. Ta kare goshi da hannu. Ba ta yi dogon dubawa ba sai na ga ta ɗaga hannunta na dama sama, ita ma, kamar mai amsa gaisuwa. Ta ce ga shi can, a tafi a hankali, ƙafarta ba ta son sauri. Na riƙa matsawa kaɗan-kaɗan, ita kuma tana faɗin inda muke, nan ƙofar su Ɗanmusa mai kanwa, nan inda ruwa ke kwanciya a kauce. Rabin abin da take faɗa ban ma gina shi ba, amma duk daidai take ajiye shi. Da muka iso gindin durumi ta ce a tsaya, ta yi sallama da ƙarfi, mu duka muka amsa mata ba wanda ya shirya. Baffa ya fita waje, wai zai duba babur ɗinsa. Sai ta ce tafiyar nan ta sa ta yunwa, ko akwai sauran fura. Ta shanye kofi guda, da magariba kuma ta ci tuwon ruwan Dutsin-Ma ba ta ce komai a kansa ba. Yanzu kullum bayan la'asar sai an kai ta gida a talabijin ta dawo. Ƙunshin ma ta sa an kwance, ta ce tun da gida yana nan yana jiranta, ba sai ta yi gaggawa ba.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na rubuto. Makon jiya Baffa Rabo ya kawo zanen sabon ginin da ka sa magini ya yi, ya ce ka ba da umarni da zarar an kawar da amfanin gona a rushe komai har zaure, a tada na bulo da siminti, da ƙofar ƙarfe. Na san abin da ke ranka. Matarka Anti Nana Khadija ta gaya wa Umma cewa ranar da aka sanar da kai faɗuwar ɗakunan ba ka iya cin abinci ba, ka rantse Inna ba za ta ƙara kwana ƙarƙashin ginin ƙasa ba. Allah ya saka maka da alheri, ba kowane jika ke yin haka ba, kuma duk cikinmu kai kaɗai ne ka iya. Ni dai saboda sabo, na ɗauki zanen na tada shi a kwamfuta, na ajiye shi a wurin gidan, na koma tasha na juyo. Yaya, akwatin nan ne. Shi ne sak wanda ta ce siton wani ne ta juya fuska ta ƙi cin abinci. Ban nuna mata ba, ba kuma wanda ya gaya mata za a taɓa zauren.

Ba cewa nake a bar gidan yadda yake ba. Cikin gida ka gina shi yadda ka so, ka sa mata ɗaki mai silin da banɗaki a ciki, ka shafe tsakar gida da siminti don kada ta yi tuntuɓe, duk za ta ji daɗinsu ko ba ta gani. Zauren kawai nake roƙo. Ba kwana take yi a cikinsa ba. Baffa ya kai wani tsohon maginin ƙasa ya duba shi, ya ce gindinsa lafiya lau, yaɓe kawai yake so da sabon indararo, kuma za a iya haɗa shi da katangar bulo ta gefe biyu. Ƙofar ƙarfenka ma akwai wurinta ta kudu, inda mota za ta shiga. Baffa yana ganin haka shi ma, nauyinka yake ji tun da kai ke ɗauke da aikin, shi ya sa ni mara kunyar gidan na ɗauki alƙalami. Ya ce zai tsayar da leburori har sai ya ji daga gare ka. Ka tuna ba da daɗewa ba za a sa Inna a mota a mayar da ita Kurfi da gaske, kuma tun daga tasha za ta kare goshi da hannu ta fara nema. Na talabijin ina iya gyara shi in na yi kuskure, wancan kuwa in ya faɗi ba ni da yadda zan yi.

Ka gaida mini Anti Nana Khadija da kyau, ka ce mata yajin da ta aiko ya kusa ƙarewa, ba roƙo nake ba, labari nake bayarwa. Ka shafa mini kan Muslim da Nana Fatima, ka ce in sun zo hutu zan sa su cikin kwamfuta su zaga gidan kakanninsu. Umma tana gaishe ku tana sa albarka. Baffa Rabo da Goggo Azumi suna gaisuwa, haka duk mutanen Kurfi.

Inna ta ji ina rubutu ta tambayi wa nake rubuta wa. Da na ce kai ne, sai ta yi dariya, irin wadda muka daɗe ba mu ji ba. Ta ce in gaya wa mijin nan nata da ya gudu kudu cewa ta yafe masa cefanen, ya dai zo da Sallah ya same ta a ɗakinta. Ta ce ta san ka daɗe rabonka da gari, an yi gine-gine da yawa, amma kada ka ji tsoron ɓata. Wai in ka sauka a tasha ka ɗaga kai kawai, za ka ga zaure mai hannu ɗaya a sama, nan ne gida.

Ina jiran amsarka, ko ta bakin Ilu ko ta waya. Wannan karon ko ka katse ni ba komai, in dai ka karanta.

Wassalam.
Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Basma.